Hannun Yaya Bube da Cikinsa

Litinin, 6 ga Agusta, 1951
Kwana bakwai Yaya Bube bai zaga bayan gida ba. Matarsa Mardiya ce ta gaya mini, kanta a ƙasa. Hannu kam ya yi daɗi. Tun da na fara ɗiga masa ruwan 'ya'yan zaƙami cikin kunu, makyarkyatar da ta hana shi ɗinki shekara biyu ta lafa. Rigar wani attajirin Kebbe yake yi wa aiki. Ni na karɓo, na rantse za ta fito kafin Sallar Layya.

Alhamis, 9 ga Agusta
Na dafa masa filasko da tsamiya, tukunya guda. Iska kawai.

Asabar, 11 ga Agusta
Na je ɗakin shan magani nan Tambuwal. Na ce wa Malam Na'iya, mai ba da magani, wani maƙwabci ne cikinsa ya ɗaure. Ya ba ni man gelo, ya tambaya ko bakin maƙwabcin na bushewa, ko kuma ana ba shi wani abu don rawar hannu. Na soma zagaye-zagaye irin namu na kasuwa, ya katse ni. Ya ce abin da ya ɗaure hannun shi ya ɗaure cikin, in ba a daina ba hanji zai toshe.
A gida maganar man kaɗai na yi.

Lahadi, 12 ga Agusta
Man gelo cokali biyu. 'Yan ƙwayoyi kamar na akuya. Na ɗiga zaƙamin, wuyan riga ne kawai ya rage.

Laraba, 15 ga Agusta
Ciki ya kumbura, ya yi amai sau uku. Na kai kunu ba komai ciki. Ya kurɓa, ya ajiye.
"Sambo, ina ɗacin? Kana tsammanin ban san abin da kaka zuba min ba? Zuba. In hannun ya tafi, mi ya rage?"
Ban zuba ba.

Asabar, 18 ga Agusta
Ciki ya saki da hantsi, Mardiya har da kuka. Hannun ya dawo da rawarsa, ya fi da. Rigar na aika wa wani maɗinki a Dogon Daji ya ƙarasa.

Talata, 21 ga Agusta
Ya sake neman zaƙami. Na ce bana ba a samunsa. Ya dube ni, ya dubi wanda ya tsiro gindin danga. Ni na riƙe masa ludayi, rabi ya zube.
Ban je Kebbe wajen mai rigar ba. Hanya ce ba kyau.