Duwatsun murhuna

Shu'aibu,

Na tafi Pitowa wajen kawunka Brahim. Malam Kolo na sa ya rubuta takardar nan, na ce kada ya tausasa mini magana.

Baƙin akwatin ƙarfen nan da ka kinkimo daga kantin Jamus, wai shi murhu, na gwada shi da safe tunda ka nace. Samansa a baje kamar faifai, tukunyata kuwa gindinta a mulmule. Ina sa muciya sai tukunyar ta wuntsula. Tuwo a ƙasa, tukunya ta rabe biyu, ƙafata ta ƙone ta saɓule. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa tuƙa tuwo ba, kai ma haka. Ni mai girkin ka tambaye ni? Matarka Aisatu ka tambaya, ta ce, "Ai Inna za ta saba."

Na shiga neman duwatsuna uku. A makewayi na same su, an jera, ana takawa ana wanka! Tir! Duwatsun da uwata ta kafa mini ranar da na tare a gidan nan, a kansu aka dafa ruwan jegon haihuwarka.

Ka ciro su da hannunka, ka wanke da toka, ka mayar inda suke. Ƙarfen ya koma inda ya fito. Sannan ka zo ka same ni gaban kawunka.

Tuwon yana nan inda ya zube, ban share ba. Girkin murhunka ne, ka ci.