Jan Layin da Na Ja a Ƙarƙashin Sunan 'Yata

Zuwa ga Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na kai inda ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Na san abin dariya ne tsoho ɗan shekara saba'in da uku ya kira ki Anti, wataƙila ma na haife ki. Amma matata Maureen ba ta taɓa tsallake filinki na jarida ba tana da rai, kuma tun da ta rasu, shekara tara ke nan, na gaji karatun kamar yadda na gaji tukwanenta da kyanwarta. Ba zan sa sunana a ƙasa ba, ko da yake ɓuyar banza ce, tunda dole in faɗi sunan gidanmu, kuma masu amsa shi yanzu ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba.

Sunan gidanmu Thornbeck. Ma'anarsa ƙoramar ƙaya, kuma sunan wata gona ce can saman kwari, mil shida daga inda nake zaune a nan Yorkshire. Gidan gonar ya rushe, sai tulin duwatsu da tumaki, amma ƙoramar tana nan, ƙayar ma tana nan. Mutum na farko da na samu da sunan shi ne wani Adam na Thornbeck, fiye da shekara ɗari shida da suka wuce, zamanin da mutane suka fara ɗaukar suna na biyu, wani daga sana'arsa, wani daga sunan ubansa, mu kuma daga ƙasar da muka zauna. Ki yi haƙuri, in na fara wannan zance ba na sanin tsayawa. Maureen takan ce ni kaɗai ta sani da ke iya sa kyanwa hamma.

Shekara talatin da takwas na yi ina raba wasiƙu gida gida, da ƙafa da keke, cikin ruwan sama da ƙanƙara. Ina jin aikin ne ya sa mini ciwon sunaye. Tun ina ɗan shekara arba'in na fara bin kowane Thornbeck da ya taɓa shan iska a duniya, a littattafan coci, a kan duwatsun kabari, har cikin jerin waɗanda suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba. Na samo ragowar takardar adon bango da muka liƙa a ɗakin 'yarmu, na juya bayanta, na zana salsalarmu a kai. Yanzu in na warware ta, daga ƙofar gida take kai wa har kicin.

Mu masu bin suna ɗaya muna da ƙa'ida. Suna ake bi. Namiji, reshensa ya ci gaba. Mace kuwa, ko ta yi aure ta ɗauki sunan mijinta, ko ta mutu ba aure, suna ba ya wucewa ta hannunta, don haka sai a ja ɗan gajeren layi da jan biro a ƙarƙashin sunanta, alamar reshe ya ƙare. Na ja wa mata fiye da ɗari biyu wannan layi, ko a jikina. Da 'yata Heather, wadda ita kaɗai muka haifa, ta auri Craig Pilling, na ɗauki biro na ja mata nata, na koma na sha shayina.

Shekara bakwai ke nan, wata Lahadi, Heather ta zo da mijinta da jaririyarsu Maisie, tana da sati uku a duniya. Na gasa cinyar rago da dankali, yadda mahaifiyarta ke yi. Kafin a zauna sai ta ga takardar a shimfiɗe a kan tebur, ta yi murmushi ta ce, "To Baba, nuna mini inda za ka rubuta Maisie." Na ce ai babu wurinta a nan, ita 'yar Pilling ce. Ta sunkuya ta nemo sunanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wannan jan layin fa?" Na ce reshen ne ya ƙare. Ta ce, "Ga ni a tsaye, ga jikarka a kafaɗata, ka ce na ƙare?"

Anti Beryl, da na yi shiru da ya fi. Maimakon haka sai na shiga yi mata bayanin ƙa'ida dalla-dalla, kamar ina koya wa sabon ma'aikaci jera wasiƙu. Da na ga ranta na daɗa ɓaci sai nawa ma ya ɓaci, na ce ba laifina ba ne da ba a ba ni ɗa namiji ba. Ta naɗe jaririyar cikin bargo, Craig ya bi ta a baya yana ta sosa ƙeya, suka shiga mota. Ko yanka naman ba a yi ba. Kwana biyar muna cinsa ni da kyanwa.

Tun daga ranar ban ƙara jin muryarta ba. Na jira ta kira, tunda ni ne uba. Ita ma ina jin jira take. Kowace Kirsimeti kati yakan zo, sunayensu uku kawai a ciki, ba gaisuwa ba labari, sai adireshinta da take rubutawa a bayan ambulan, wanda ban ga amfaninsa ba tunda na san shi. Da suka sake gida shekara biyu da suka wuce, sabon ta rubuta. Ina jera katunan a kan murhu. Ni ban taɓa aika ko ɗaya ba, domin na rasa da me zan fara.

Kwanakina duk iri ɗaya ne yanzu. In tashi, in ba kyanwa abinci, in saurari ƙarar akwatin wasiƙa a ƙofa, in tarar takardar talla ce. Ranar Alhamis da rana nakan je mashaya mu buga domino da abokina Wilf Baker. Shekaru ina tsokanarsa cewa sunansa na mai gashin burodi ne, kuma masu wannan suna sun fi tumakin kwarin nan yawa. Rannan ya ce mini, "Kai tsohon masinja, gara ni. Jikokina takwas na zuwa su cinye mini biskit su fasa mini kofi. Kai kuwa matattunka ko atishawa ba sa yi." Na yi dariya a gabansa, amma hanyar gida ta yi mini nisa a ranar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Mu duka da muka rage mun fito ne daga mutum ɗaya, Amos Thornbeck, wanda aka haifa a 1794. A shafin farko na tsohon Littafi Mai Tsarki na gidanmu, inda ake rubuta haihuwa, Josiah Thornbeck manomi ya rubuta Amos da hannunsa a matsayin autan 'ya'yansa. Haka na kwafa, ban taɓa shakka ba. Littafin baftisma na cocin ƙauyen na wancan zamani ruwa ya taɓa ɓata shi, ba a bari a taɓa shi, sai bana aka gyara aka buɗe wa jama'a. Watan jiya na hau bas biyu na je na duba, don kawai in cike ranar baftismar Amos. Sai na ga an rubuta Amos, ɗan Keziah Thornbeck, mace marar aure. Limamin cocin ya ƙara wata kalma a gefe wadda ba zan maimaita ba. Babu sunan uba.

Keziah 'yar Josiah ce, shekararta goma sha bakwai a lokacin. 'Ya'yan Josiah maza biyu duk sun mutu suna goye. Ashe jikansa ya rubuta a matsayin ɗa, yarinyar kuma ta ƙare rayuwarta a matsayin yayar ɗan da ta haifa. Ta mutu tana da shekara sittin da ɗaya tana aikatau a wata gona, kuma na duba makabartar kaf, ba ta da dutse.

Da na dawo gida na warware takardar, na durƙusa a ƙasa da waɗannan gwiwoyin nawa, na nemo Keziah. Ga jan layina a ƙarƙashin sunanta, na ja shi tun shekara talatin da suka wuce. Bisa ƙa'idata, a kanta sunan ya ƙare. Ke nan Amos ba ya ciki, kakana ba ya ciki, ni ma ba na ciki. Ina nan durƙushe kyanwa ta zo ta kwanta a kan ƙarni na sha tara. Kunya nake ji, kuma kaɗaici ya ishe ni.

Na ɗauki hoton shafin littafin, na sa a ambulan, na rubuta adireshin Heather, har na liƙa kan sarki. Sati uku ke nan yana kan tebur. Ina tunanin in ta gani za ta gane an samu kuskure a ƙa'idar, kuma yanzu akwai hujjar da zan rubuta Maisie. In aika? Ko in ƙona takardar gaba ɗaya in huta? Tsorona shi ne in mutu yarinyar nan ba ta san kamannina ba.

Naki,
Tsohon Masinja, Yorkshire

*

Tsohon Masinja,

Na karɓi Antin hannu biyu, kuma tunda ka ba ni girman, bari in yi amfani da shi. Kada ka aika wannan ambulan.

Ka tsaya ka ji yadda Heather za ta karanta shi. Bayan shekara bakwai na shiru, abu na farko da zai fito daga hannun mahaifinta shi ne hoton shafin littafin coci, mai cewa an duba doka an ga ashe tana da wuri. To da ruwa ya cinye shafin nan gaba ɗaya fa? Da har yanzu ta ƙare ke nan? Ita ba ƙa'idarka ta yi jayayya da ita ba. Ta kawo maka jaririya 'yar sati uku, cikinta bai gama warkewa ba, mahaifiyarta ba ta duniya, kai kaɗai gare ta da za ta nuna wa. Abin da ta ɗauka ta tafi da shi shi ne maganar ɗa namiji, kuma babu littafin coci da zai goge wannan. Kai ka faɗe ta, kai za ka janye ta.

Ban ce laifin naka ne kai kaɗai ba. Shekara bakwai sun yi yawa a hana tsoho ganin jikarsa, kuma a fili yake Heather ba daga ƙasa ta tsinci taurin kai ba. Aikinka ma ba na banza ba ne, don haka ka manta da zancen ƙonawa. Ba don kai ba, wa zai san an yi wata Keziah? Jan layin nan dabara ce ta masu bincike don kada su ɓace cikin sunaye, kuma ta yi maka amfani a kan matattu. Kuskurenka shi ne da ka ja shi a kan mai rai, aka tambaye ka, ka kuma tsaya kare shi.

Ka dubi Josiah da kyau. Ya ɓoye gaskiya, kuma 'yarsa ce ta ɗauki nauyin ɓoyon har kabari, wannan ba abin yabo ba ne. Amma a zamanin da ake korar irin Keziah cikin ƙanƙara, shi ya ɗauki alƙalami ya nemo wa jikansa wuri a shafin. An kawo masa jariri, ya ga ƙa'ida ba ta ba shi hanya ba, sai ya bi jaririn. Kai ba ka da abin ɓoyewa, aikinka ya fi nasa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai maganar da ka ambata a tsaitsaye ka wuce, wadda ta sa na ajiye tabarauna. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu ne ke ce mini bai ga amfanin adireshi a bayan ambulan ba? Kati nawa na Kirsimeti ka kai wa mutane, nawa ne a ciki aka rubuta wa uba adireshin da ya riga ya sani? Sau bakwai ta rubuta maka shi, da ta tashi kuma ta sanar da kai inda ta koma. Wadda ta gama da kai ba za ta yi wannan wahala ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta layi huɗu ko biyar, ba tarihi, ba Adam, ba ƙorama. Ka ce abin da ka faɗa ranar Lahadin nan ba daidai ba ne, ka daɗe da sani, girman kai ne ya riƙe ka, kana kewarta, kuma kana so ka ga Maisie. Kada ka yi mata bayanin komai, na ga bayani ne ciwonka. Ka kai da kanka da rana, ka ƙwanƙwasa. In ba ta nan, ko ba ta shirya buɗewa ba, ka zura ta ƙofa ka juya ba tare da fushi ba, ka sake rubutawa bayan wata guda. Ba zan yi maka alkawarin za ta rungume ka a ranar farko ba, tana iya wanke ka tas, kuma in ta fara sai ka tsaya ka sha. Ka faɗa wa Wilf ranar da za ka je, don ya hana ka fasawa.

Labarin Keziah ka adana shi. Ranar da aka zauna aka ci naman da ba a yanka ba, sai ka ba su shi a matsayin kyauta, ku je tare ku sa mata dutse. Takardar kuma, yarinya 'yar shekara bakwai ta iya rubuta sunanta, don haka ka miƙa mata biro ta zaɓi wurin da take so, ko da a tsakiyar ƙarni na sha tara ne.

Ka kai wa dubban mutane saƙo har ƙofar gida cikin ruwa da ƙanƙara, kuma adireshin wannan yana kan murhunka. Ina yi maka fatan alheri, Allah ya sa a buɗe maka. In ka dawo ka rubuto mini, ina so in ji ko Maisie tana da taurin kan gidan.

Taka,
Anti Beryl