Zanenki da Na Bari Aka Ce Nawa Ne

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari, matata kuma uwar ɗiyata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa, ya kuma san shi ya jawo wa kansa. Ki gaishe min da Yayarki da jaririnta, ki shafa min kan 'yar tamu.

Yau shagonmu ya cika shekara ɗaya cif. Na buɗe da safe, na share, na jera zanuka a bakin taga kamar kullum, sannan na zauna a kan 'yar kujerarki na ɗauko takarda. Kin san buroshi ne ke yi min biyayya, alƙalami ba sosai ba. Amma sau uku ina gwada faɗa miki maganar nan a waya, kowane karo sai in ɓige da tambayar lafiyar jariri.

Kin tuna ranar da muka karɓi mabuɗi? Tsohon shagon mai faci, bango duk baƙin mai, warin taya har maƙoshi. Kwana huɗu muna kankara muna wankewa. Kin ɗaure ɗankwali a hanci, farin fenti ya ɗiga a girarki, na ce ki tsaya in goge, kika ce in bar shi, ado ne. Wallahi ko wata a daren sha huɗu bai kai ki kyau ba a ranar! Wata biyu na farko duk wanda ya leƙo mai facin yake nema. Ke kike ce musu ya tashi, amma su shigo su ga wanda ya gaje shi, yana facin fuska.

Da haka muka sami tsohon hedimastan nan, wanda ya kawo hotonsa ya ce in zana shi amma in mayar masa da sumarsa ta samartaka. Na so in yi gardama, kika taka min ƙafa. Shi ya turo mana malaman makarantarsa ɗaya bayan ɗaya. Da bututun ruwan benen sama ya fashe ya jiƙa min zane bakwai, na zauna a bakin ƙofa na ce na haƙura, a rufe shagon. Ba ki lallashe ni ba. Cewa kika yi, "Tashi ka riƙe min bokiti, in mun gama kwashe ruwan sai ka rufe." Da muka gama, na manta da zancen rufewa. Ke kika koyi yanka gilashi da haɗa firam har yatsunki suka yi kanta. Ke kike tuna wanda zai zo karɓar aikinsa ran Talata. Wane ne ya riƙe shagon nan a shekarar nan, in ana maganar gaskiya?

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san kina zane a kan guntayen katakon da nake yarwa, da ragowar fentin da na bari a faranti. Ina gani ina wucewa, kamar yadda ake wuce yaro yana wasan ƙasa. Ban taɓa tsayawa na duba da kyau ba, sai ranar da likitar yaran nan ta shigo neman abin da za ta rataya a ɗakin jiran asibitinta. Ta wuce manyan zanukana duka, ta sunkuya a bayan teburinki ta ɗago naki: matar nan mai shanya, iska na ɗaga zani, ga ƙafafun yarinya sun leƙo ta ƙarƙashi tana ɓuya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, wannan ya fi duk abin da ke shagon nan. Hannunka ne?"

Na ce, "Mun gode, Likita."

Ban ce e ba. Sati shida ina rarrashin kaina da wannan, cewa ai ban ce e ba. Amma kina tsaye a wurin, guduma a hannu, ƙusa biyu a bakinki, kin ji abin da na faɗa kin kuma ji abin da na ƙi faɗa. Ke da kanki kika sa masa firam, kika naɗe shi a takarda, kika kai mata mota. A hanyar gida abu ɗaya kika ce min: "Ka dai kulle taga ko?" Washegari kika ce kanki na ciwo. Da Yaya ta haihu kika ce za ki je ki taya ta kwana biyu. Yau kwana talatin da ɗaya.

Ba zan yi miki ƙarya a karo na biyu ba, don haka ki ji yadda aka yi. Likita ta dawo ta ce tana son uku irinsa. Na amsa. Sati biyu ina ƙoƙarin kwaikwayon hannunki. Na zana mace, na zana igiya, na zana zani, amma iskar ta ƙi kaɗawa. Zanina ya tsaya sandararre kamar kwanon rufi. Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, ban iya abin da kika yi da ragowar fenti ba. Tela maƙwabcinmu ya leƙo ya gan ni a tsakiyar katakon da na ɓata, na ba shi labari tun daga farko. Ya gyara tabaronsa ya ce, "Kai kuwa, fuskar kowa a unguwar nan ka ƙare mata kallo ka zana, ta matarka ce kaɗai ba ka duba ba ranar." Ban ji daɗin maganar ba.

Don haka kada ki ɗauka nagarta ce ta fara kai ni wurin Likita. Kasawa ce ta fara, kunya ta biyo baya. Shekaranjiya na same ta a ofis na ce mata zanen nan na matata ne, ni ko ɗigo ban sa ba. Ta ajiye abin da take rubutawa ta ce, "To me ya hana ka faɗa tun ranar?" Na ce kishi. Karon farko ke nan da na furta kalmar, har ni kaina na ji ta baƙuwa a bakina. Ta tashi ta sauke zanen daga bango ta miƙo min. Ta ce yara na tsayawa a gabansa suna neman fuskar yarinyar, har su manta da allura. Ta ce in kai wa mai shi ta sa sunanta, kuma ukun da take so, daga hannunki take son su, in kin yarda.

Ya abar ƙaunata, ta yaya na yi kishin hasken da ni ma a cikinsa nake gani? Gidan nan babu ke ya zama kamar rijiyar da ta ƙafe, in na yi sallama muryata ce ke amsa min. Ina kewar waƙar da kike yi ƙasa-ƙasa in kina auna gilashi. Ina kewar faɗanki in na bar buroshi ya bushe a kofin shayi. Ina kewarki, mace mai haƙurin ƙasa da taurin dutse!

Ga abin da na yi, ba alkawari ba ne, an riga an yi. Na janye teburina zuwa ciki, na bar miki gefen taga inda hasken safe ke faɗowa. Na sayo miki yadin zane sabo da fentinki na kanki. Aikin firam kuwa na fara koya, na riga na fasa gilashi biyu, babban yatsana na naɗe da tsumma.

Ran Asabar bayan la'asar zan zo gidan Yaya da zanen da ƙaramin buroshi. Ki sa sunanki a kai ko kin huce ko ba ki huce ba, wannan haƙƙinki ne, ba sharaɗin komai ba. In Yaya na da faɗa ta yi min, zan zauna in saurara har ta gama. Zan ce wa mai tasi ya jira a ƙofa. In na ga akwatinki a ɗaure, alhamdulillahi. In ban gani ba, zan sallame shi in dawo da ƙafa, kuma wata Asabar ɗin za ki sake jin sallamata.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, har ranar da hannuna zai kasa riƙe buroshi,

Mijinki, sabon mai haɗa miki firam.