Dakashin da Muka Zubar

Matameye, 14 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga Yaya Muntaka a Kano,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya yi wa cin raninka albarka. Mutanen gida duk lafiya. Salamatu ta warke daga ciwon ƙafa har ta koma kai man gyaɗa kasuwar Kance, Gwaggo Shekara kuwa tana nan da faɗanta yadda ka san ta.

Batun Gunya ne ya sa na rubuto, goɗiyar marigayi Baba da ka bar mini amana. Ta haihu sati biyar da suka wuce, dukushi namiji mai farin goshi. Ka san sau biyu tana ɓari, ga shekaru sun ja, wannan shi ne na ƙarshe da za mu gani daga jikinta. Ranar haihuwar, da hantsi, Gwaggo ta fito da ƙwarya, ta ce jinin dokin yayanta ba zai sha dakashi ba, wato nonon farkon nan mai kauri, don ita shekara arba'in tana karɓar haihuwa ba ta taɓa barin jariri ya ɗanɗana shi ba. Yaya, ban musa ba. Ni na riƙe Gunya aka tatse ta tas, aka zubar bayan danga, muka raba dukushin da uwar kwana biyu muna ba shi nonon akuya, har muna yabon kanmu.

Ana nan sai mura ta shiga dawakin gari. Manyan suka yi tari kwana kaɗan suka miƙe, dukushin Tanko maƙwabcinmu, tsaran namu, ya yi majina ya warware. Namu ne ya kwanta. Na yi hayaƙi, na jiƙa kanwa, Malam Haruna ya yi rubutu, duk shiru. Da na ji likitan dabbobi na Damagaram ya sauka Yauri ta nan kusa da mu yi wa shanu allura, na taka a ƙafa na roƙo shi. Ya saurari ƙirjinsa, ya ɗibi jini a 'yar kwalba, sannan ya tambaye ni ko ya sha nonon farko. Na gaya masa abin da muka yi.

Ya ce goɗiyar da ta taɓa yin cutar, jininta kan haɗa abin da ke yaƙarta, kuma ta dakashi kaɗai take miƙa wa ɗanta, in yini guda ya wuce da haihuwa cikin ɗan ba ya ƙara karɓa. Jikinsa zai koyi haɗa nasa, amma sai ya yi watanni, cuta kuwa ba ta jira. Na roƙi allura, ya ce wannan ba ta da allura. Jinin ma Dakar za a aika, amsa sai damina. Da na sani ƙeya ce, Yaya, kuma raina a ɓace yake ƙwarai.

Yau kwana uku dukushin bai tashi tsaye ba. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gindin turke tana kore masa ƙuda, ko abincin kirki ba ta ci. Ɗazu take ce mini mu gode Allah da ta yi saurin tatsewa, da ya sha dakashin nan da tuni mun binne shi. Na ce mata haka ne. Ban gaya mata abin da likita ya faɗa ba, kuma ina roƙonka kada ka gaya mata. In kana son ganinsa da rai, hau mota ranar da takardar nan ta iske ka, ko da yake ban yi maka alkawarin zai jira ba.

Ka gaishe da Kawu Gambo da Zainabu. Salamatu da Baiwa suna gaishe ka. Ka yafe mini amanarka.

Naka ƙane,
Illa