Mai Raɗa da Akwatin Sauti

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, musamman ƙaramar da aka ce tana haƙori. Mu nan lafiya lau, in ka cire sugan Maigida da ke hawa da sauka, da ni da nake tafasa.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. In na kira ka, dariya za ka fara kafin in kai aya, takarda kuwa ba ta katse mutum. Shawara nake nema a kan sana'arka ta haɗa sauti. Ina so in fara naɗar karatu a gida. Makirfon da ka bari a ɗakin baƙi yana nan, tsohuwar kwamfutata ma tana numfashi. An ce saura wani ɗan akwati da ke shiga tsakaninsu, wanda kuke kira intafes. Mai araha nake so. Ka san iyakar albashin mai duba kurakurai a maɗaba'a.

Ga dalili, tunda sai ka tambaya. Tun da idon Maigida ya dushe ya bar aikin injin buga littattafai, kullum na dawo daga aiki ni nake yi masa karatu a baranda. Shi a kujerarsa mai hannu, ni a ƙasa na jingina da bango. Tarihi, tafiye-tafiye, labaran da aka fassara daga harsuna masu nisa. Da har musu muke yi, shi ya kare marubuci, ni in yanka shi. To, 'yan watannin nan musu ya mutu. Ina karatu yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ana cikin haka babban ɗanmu, Allah ya shirye shi, ya saka masa wata manhaja a waya, ya sayo masa abin saƙalawa a kunne. Tun ranar aka sallame ni daga aiki ba takarda.

Wata mata ce a cikin wayar ke karanta masa littafin soyayya. Ban san sunanta ba, ba na kuma son sani. Mai Raɗa nake ce mata, don magana take yi kamar mai tsoron ta da jariri. Auta, ba ta san waƙafi ba, ba ta san aya ba. Inda marubuci ya tsaya ita wucewa take yi, sai ta je tsakiyar jimla ta sauke numfashi kamar ta hawo bene. Littafin kuwa da a ce teburina aka kawo shi, da jan birona ya ƙare kafin babi na biyu. Amma ka zo ka ga mutumin nan da furfurarsa yana murmushi shi kaɗai. Shekaranjiya ya shiga wanka, na ɗauki abin na sa a kunne, saura kaɗan dodon kunnena ya fashe. Har ƙarshe ya ƙure mata murya! Ni kuwa in na yi magana a gidan nan sai na maimaita.

Tunda muryar cikin waya yake so, to zan shiga wayar. Ka rubuto mini abin da zan duba kafin in saya, da Hausar da mutum zai gane, ba yaren ɗakin naɗar waƙa ba.

Ka gaida mutan gidan.

Yayarka,
Jan Biro

*

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ƙaramar sannu da zazzaɓin haƙori. Allah ya ba ta lafiya. Takardarka ta iso, kuma na ga inda ka rubuta cewa kishi da waya bai dace da mai ilimi kamata ba. Kalmar kishi ka rubuta ta daidai, wannan kaɗai zan yaba maka.

Na je shagon kayan sauti ranar da ba ni da aiki. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, «Mama, yaronki ne mawaƙin?» Na ce masa ni ce mawaƙin, ni ce kuma mai kuɗin, ya zaɓi wadda zai yi magana da ita. Nan take ya jawo mini kujera.

Farko ya fito da wani faffaɗa mai fitilu kala-kala kamar motar biki, da maɓallin tafi da na dariya. Wai in na yi magana sai in danna a tafa mini. Na ce in ina son tafin ƙarya ai akwai taron ƙaddamar da littafi. Na tambaye shi wutar arba'in da takwas da ka ce makirfonka ba ya tashi sai da ita, sai ya sosa ƙeya ya mayar da shi kwali.

Aka rage biyu. Ɗaya baƙi, mai arha sosai, yana da wutar, amma da ya murɗa masa ƙarfi na ji wani shuuu kamar ana suya a maƙwabta. Kuma ba shi da maɓallin nan da ka ja wa layi biyu, wanda mutum ke jin kansa kai tsaye a hedfon, abin nan da ake kifawa a kunne. Mai shagon ya ce in babu shi, muryata sai ta zaga cikin kwamfuta ta dawo mini a makare, kamar yaro mara kunya yana kwaikwayona. Na ce na san muryata, ba na buƙatar a gabatar da ni gare ta. Ɗayan ya ɗan fi tsada, shiru yake kamar ɗakin karatu, yana da maɓallin, kuma wai hedfon ɗinsa yana da ƙarfi fiye da kuɗinsa. Akwai irinsa mai ramin makirfo biyu. Na ce na biyun wa zan sa a ciki?

Na kusa yanke shawara, sai mutumin nan ya ɓata komai. Ya ce ai irin wannan masu karatun littafi a waya suke amfani da shi, ya kama ba ni labarin wata mai murya kamar ana shafa wa mutum mai, wai mahaifiyarsa ba ta barci sai da ita. Ita ce, Auta. Har shago ta biyo ni. Na miƙe na kai bakin ƙofa. Sai na tuna in akwatinmu ɗaya, to babu sauran abin da za ta fi ni da shi, sai a bar murya da murya. Na dawo na biya kuɗin mai shirun.

Na gyara ɗakin ajiya. Na rataya barguna a taga da bayan ƙofa yadda ka ce, ina kashe fanka, ina cire firji. Zufa nake yi kamar mai gasa burodi. Maigida bai sani ba. Ina wucewa da kaya ta gabansa, shi yana can wurin Mai Raɗa.

Ka yi mini addu'a, kada ka yi mini wa'azi.

Yayarka,
Jan Biro

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Ina fata kuna lafiya.

Na naɗi babin farko na littafin tafiyar teku da muka bari a rabi. Kowace aya na ba ta haƙƙinta. Akwai wata 'yar fitila a jikin akwatin da ke yin ja in na ɗaga murya, ni kuma na san ma'anar ja, da shi nake cin abinci. Don haka na rage abin murɗawar sosai har ko ƙyaftawa ba ta ƙara yi ba. Na tura a wayarsa, na ce ga wani sabon karatu an aiko.

Ya saƙala a kunne. Na zauna ina kallon fuskarsa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ya ɗaure gira, ya danna gefen wayar, ya sake dannawa. Can ya cire ya ce, «Wace ce wannan? Kamar daga cikin rijiya take magana. Mayar mini da waccan.»

Wace ce wannan! Matar da ta haifa masa 'ya'ya, ta karanta masa littattafan da in an jera su za su kai rufin ɗaki. Na mayar masa da waccan da hannuna, na shiga kicin na wanke tukwanen da suke a wanke.

Ko akwatin nan na banza ne, ko ni ce. Ka faɗa mini gaskiya. In akwatin ne, gobe mai shago zai ga Mama. In ni ce, zan kwashe bargunana in bar musu gidan, shi da ita da cajarsu.

Na turo maka abin da na naɗa. Kada ka kunna a gaban matarka.

Yayarka

*

Ƙanena Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da godiya wadda ban saba yi ba, ka adana ta. Na ji daɗi da haƙorin ƙaramar ya fito. Ka sumbace mini ita.

Ka yi gaskiya, laifina ne. Na shaƙe muryar da hannuna saboda tsoron jar fitila, kuma na ƙi sa hedfon in ji kaina. Na bi abin da ka ce: na danna maɓallin kai tsaye, na murɗa har fitilar ta tsaya a kore. Sai ga muryata tar, har motsin takarda. Amma ba wannan ne labarin ba.

Da na ji ta fito haka, sai haushi ya taso mini sabo. Na fita baranda na zare Mai Raɗa daga kunnensa, na kamo hannunsa na kawo shi ɗakin ajiya yana tambayar ko gobara ce. Na zaunar da shi a kan akwatin tsofaffin kaya, na kifa masa hedfon, na matsa bakin makirfo na ce, «To, ga ta cikin rijiyar ta fito.»

Auta, mutumin nan ya sandare. Sai ya miƙa hannu yana lalube a kan tebur. Na gane abin murɗa ƙarfin hedfon yake nema, na ɗora yatsunsa a kai. Ya murɗa, ya murɗa, sai da ya kusa ƙurewa. Na kau da kai na ja tsaki ƙasa-ƙasa, irin wanda nake yi ni kaɗai. Sai ya ce, «Kai! Na yi kewar tsakin nan.»

A nan ya faɗa mini. Ƙarar injin da ya tsaya a gabansa duk ƙuruciyarsa ta cinye masa kunne. Na hagu ya kusa tafiya, na dama yana bin sa. Ya daɗe in ina karatu a baranda gunaguni kawai yake ji, ga shi ba ya ganin bakina balle ya kama zaren. Shi ne yake gyaɗa kai. Wayar kuwa tana da wurin ƙara murya, ni ba ni da shi. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ya riga ya ɗora mini idanunsa, kunya yake ji ya ƙara mini da kunnuwa.

Kana tsammanin kuka na yi? Faɗa na yi masa, ta cikin makirfo, fitilar nan ta yi ja ta zauna a ja. Na ce watanni ina zargin kaina, ina zargin muryata, na tsufa a idon mai shago, na yi zufa a cikin barguna, duk don kunyarsa. Shi kuwa yana zaune ya riƙe hedfon da hannu biyu yana dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa in ƙara, kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. Kukan daga baya na yi, a banɗaki, kuma ba ruwanka.

Mun karɓi ranar ganin likitan kunne. Kafin nan, akwatin ya koma baranda. Ba na ma naɗar komai. Ina zaune ga makirfo, yana zaune ga hedfon, tsakaninmu taku biyu, muna magana kamar masu tuƙin jirgin sama. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko gidan rediyo muka buɗe. Musu ya dawo. Jiya har ya kare wani marubucin da bai cancanci kariya ba.

Saura magana ɗaya. Na ce to yanzu sai a goge Mai Raɗa. Ya murza hannun kujera, ya ce ai saura 'yan babi kaɗan, yana so ya ji ko likitan da ya tafi ya bar yarinyar zai dawo. Ka ji fa. Wato ina wurin aiki ina farautar waƙafi, ita tana nan tana yi masa raɗa a kan wani likita.

Ban yi gardama ba. Washegari na biya kasuwa na nemo littafin, mai bango ruwan hoda, na sa aka naɗe mini shi a jarida kada wani ya gan ni da shi. Na goge Mai Raɗa da yatsana, yana ji. In ƙarshen labari yake so, daga bakina zai ji shi, da aya da waƙafi a inda Allah ya ajiye su. Ina karantawa ina gyara wa marubucin jimla, shi yana cewa in bar wa mutane littafinsu.

Ka aiko mini da wayar hedfon mai tsawo, wannan ba ta kai masa in ya kishingiɗa. Kuma in labarin littafin nan ya isa maɗaba'armu, na san bakin da ya fito.

Likitan dai har yanzu bai dawo ba, ga shafuka sun kusa ƙarewa. Na so in leƙa ƙarshen a ɓoye, Maigida ya sa na rantse. In marubucin nan ya bar yarinyar nan haka, to ni da shi ne.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Maigida yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka akwatinka ya fi ka amfani.

Yayarka mai ƙaunarka,
Jan Biro