Tsagar da ke Saman Gadona

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Dongguan. Yaya gwiwarki, yaya tarin Baba? Ina fatan 'yata Nuonuo tana jin magana.

Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Kin tambaya ko ina bin motsa jikin nan da ake nunawa kai tsaye a waya. Mama, a nan wa ba ya bi? Bakwai da rabi na yamma na bugawa, gidanmu mai hawa goma sha biyu zai ɗauki tsalle, mai koyarwa na ƙirgawa, ƙafafu na dira lokaci ɗaya. Har shayi rawa yake a kofi.

Tsoho Geng maƙwabcina, da ya shekara talatin yana aikin gini, ya bi ƙofa-ƙofa yana roƙon a sassauta. Anti Luo ta hawan sama ta ce, "Baƙin cikin tsufa ne ke damunka! Zo ka rage tumbi." Aka kwashe da dariya. Shekaranjiya ya tattara kayansa ya bar gidan.

Akwai 'yar tsaga a rufin ɗakina, saitin gado. Mai gidan da muke haya ya ce fenti ne kawai. Watan jiya ba ta fi silin gashi ba. Jiya na gwada cusa tsinken cin abinci, mai kaurin fensir, ya shige.

Kada ki damu. Maganin Baba na tafe. Sai dai hutun nan kada ki turo Nuonuo. Ki ce mata ɗakin ya yi mana kaɗan.

Bakwai da rabi ta kusa, bari in sauka waje.

'Yarki,
Qiulan