Dardumar Gwaggo Zina

Saratov, 3 ga Maris

Yaya Taisiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi?

Albishirinki, ƙanen nan naki da kika ce ba zai tsinana komai ba ya samu labarinsa na farko a talabijin. Kin tuna Gwaggo Zina, aminiyar marigayiya Mama, mai girki a gidan kula da tsofaffi na garinmu? Ita ta tsegunta mini cewa ruɓaɓɓen nama ake dafa musu, mai kyan kuma yana bin motar daraktan gidan. Da ta ga kyamara sai ta noƙe, wai saura wata biyar ta yi ritaya. Na rantse mata da kabarin Mama za a rufe fuskarta, a sauya muryarta. Nan take ta saki baki. Tsofaffi ba su da wuya in ka san inda za ka taɓa.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Gleb

Saratov, 19 ga Maris

Yaya Taisiya,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, zagi shafi uku cur.

Fuska da murya na yi wa alkawari, kuma na cika. Ban ce uffan ba kan dardumar da ke rataye a bangonta, mai barewa uku, wadda rabin gari ya sha shayi a ƙarƙashinta. Na lura da ita wajen tace hoton. Editana, Vadim Olegovich, ya ce a bar ta, ita za ta sa mai kallo ya yarda gidan gaske ne. Washegarin ranar da aka nuna shirin, darakta ya kori Gwaggo, ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta fice daga ɗakin ma'aikata da take zaune a ciki.

Jiya na je wurinta. Na zaci da tsintsiya za ta tare ni. Sai ta zaunar da ni, ta zuba mini shayi, ta ce, "Gleb ɗana, ba laifinka ba ne. Ni ce sakarar da ban sauke tsumman nan ba." Ta yi kuka kusan rabin awa, ba ta san inda za ta nufa ba. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu.

Amma ƙaramar kyamarar da ke aljihun rigata tana ta aikinta. Vadim ya ce wannan karon ba rufe fuska, tunda kowa ya riga ya sani.

Kada ki faɗa mata. Za ta gani ranar Lahadi, ƙarfe bakwai.

Naki har kullum,
Gleb